Harshen Masu Amosanin Jini a Zaurukan Waya: Tsakanin Lallashi da Bayani

1.0 Gabatarwa

Masu iya magana kan ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Babu wanda wannan karin magana ya dace da shi kamar mai ciwo, musamman ciwon da aka haifi mutum da shi, wanda zai yi ta fama da shi tsawon rayuwarsa. Likita ya san sunan ciwon da maganinsa, iyaye kuma sun san kuɗin da yake ci da barcin da yake hanawa, amma yadda yake ratsa ƙashi, wannan sai wanda ya ɗanɗana. Dalili ke nan da ya sa masu ciwo iri ɗaya suke neman junansu. A da, sukan haɗu ne a bencin asibiti ranar ganin likita. Yanzu kuwa wayar hannu ta buɗe musu wasu zauruka da suke zantawa a ciki dare da rana.

Wannan maƙala za ta dubi irin Hausar da ake amfani da ita a waɗannan zauruka, a matsayinta na wani nau'i na Hausar rukuni. An taƙaita nazarin a kan masu amosanin jini, wato sikila, tare da la'akari da yanayin garin Mubi. Abin da maƙalar take son tabbatarwa shi ne, zauren majinyata yana buƙatar harshe iri biyu: harshen lallashi, wanda ya ginu a kan addu'a da sakaya zance, da kuma harshen bayani, wanda ba ya son sakaya ko kaɗan. Idan aka sa ɗaya a gurbin ɗaya, abin da zai biyo baya ya wuce kuskuren nahawu, domin yana iya taɓa lafiyar mutum. Jimlolin da za a kawo a matsayin misali an ƙera su ne bisa salon maganar da aka saba ji. Ba a ɗauko saƙon kowa ba, saboda abin da majinyaci ya faɗa a zaure amana ne.

2.0 Taƙaitaccen Bayani a kan Ciwon

Amosanin jini ciwo ne na gado. A cikin jajayen ƙwayoyin jini akwai wani sinadari da ake kira himogulobin, wanda yake ɗaukar iskar da muke shaƙa ya rarraba ta a jiki. Wanda ya gaji nau'in S na wannan sinadari daga uwa da uba duka, ƙwayoyin jininsa kan lanƙwashe su yi siffar lauje, su yi tauri, su toshe ƙananan hanyoyin jini. Toshewar ita ke kawo matsanancin ciwon ƙashi da gaɓoɓi. Haka kuma ƙwayar jini mai lafiya takan yi kimanin kwana 120 tana aiki, amma mai siffar lauje ba ta wuce kwana 10 zuwa 20, shi ya sa jinin mai wannan lalura ba ya cika, idonsa kuma kan yi ruwan ɗorawa.

A shekarar 1910 ne wani likita mai suna James Herrick ya fara bayyana ciwon a rubuce a birnin Shikago na Amurka, bayan ya duba jinin wani ɗalibi ɗan tsibirin Girenada. A 1954 kuma Anthony Allison ya nuna cewa masu ɗauke da rabin gadon, wato AS, suna da ɗan kariya daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, abin da ya bayyana dalilin yawaitar gadon a ƙasashenmu. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2006 ya ƙiyasta cewa ana haihuwar jarirai kimanin 150,000 da ciwon a Nijeriya kowace shekara, kuma kashi 24 cikin 100 na al'ummar ƙasar suna ɗauke da rabin gadon. A watan Disamba na 2008 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware ranar 19 ga Yuni ta kowace shekara domin wayar da kai a kan ciwon.

3.0 Daga Bencin Asibiti Zuwa Zauren Waya

Haɗuwar masu lalura iri ɗaya ta girmi intanet. A Amurka an kafa ƙungiyar masu son rabuwa da giya tun 1935, inda mashayi yake taimakon mashayi. A nan gida, matan da suka taru neman maganin yoyon fitsari a asibitin Babbar Ruga da ke Katsina tun shekarun 1980 sun zama tamkar dangin juna, tsofaffin zuwa suna kwantar da hankalin sababbi. An kafa Gidauniyar Sikila ta Nijeriya a Legas a 1994 bisa jagorancin Farfesa Olu Akinyanju, sannan masu ɗauke da cuta mai karya garkuwar jiki suka kafa gamayyarsu ta ƙasa, NEPWHAN, a 1998.

Abin da waya ta sauya shi ne nisa da lokaci. Layukan wayar hannu sun fara aiki a Nijeriya a 2001. WhatsApp ya fito a 2009, ya ba da damar buɗe zaure a 2011, ya kawo saƙon murya a 2013, shi kuma Facebook ya sanya Hausa cikin harsunansa a 2016. Saƙon murya ya fi komai tasiri a wurinmu, domin ya shigo da uwar da ba ta yi boko ba cikin zancen.

Ga mutumin Mubi, wannan dama tana da nauyi na musamman. Garin yana gindin duwatsun Mandara, kusa da iyakar Kamaru, kuma tsakaninsa da Yola, inda Asibitin Koyarwa na Jami'ar Modibbo Adama yake, akwai tafiyar kusan kilomita 200. Sanyin hunturu na Disamba da Janairu yana tayar da ciwon, haka ma ƙishirwar bazara. Uwar da ɗanta ya fara kuka da ƙafa ƙarfe biyu na dare ba ta da likita a kusa, amma tana da waya a hannu. Bugu da ƙari, waɗanda suka ga gudun hijirar ƙarshen Oktoba na 2014, lokacin da 'yan Boko Haram suka mamaye garin, sun san halin da mai ciwon yau da gobe yake shiga idan ya rabu da asibitinsa da mutanen da suka san lalurarsa. Bahaushe ya ce zumunta a ƙafa take, to ga wanda ƙafar ce take ciwo, waya ta zame masa ƙafa.

Ita kanta kalmar zaure abin lura ce. Asalinta ɗakin shiga gida ne, inda maigida yake ganawa da baƙi, kuma a al'ada wurin maza ne. Da aka faɗaɗa ma'anarta ta koma taron mutane a waya, sai ta riƙe ma'anar wurin zantawa mai sallama da ladabi, ta yar da sharaɗin jinsi. Mata, waɗanda jinya ta fi faɗawa a wuyansu, suna da cikakkiyar murya a wannan sabon zaure.

4.0 Sunan Ciwo da Sunan Mai Ciwo

4.1 Sunayen Ciwon

Tun kafin Herrick, al'ummun Afirka ta Yamma sun san ciwon, sun kuma raɗa masa suna. Likitan nan na Gana, Felix Konotey-Ahulu, ya tattara wasu daga ciki: chwechweechwe a harshen Ga, ahotutuo a Tuwi, nwiiwii a Fante, nuidudui a Ewe. Mai nazarin harshe zai lura da ninkin da ke cikin kowane suna, wanda yake kwaikwayon ciwo mai ci ba ƙaƙƙautawa. A Hausa akwai sunaye kamar haka:

(a) Amosani, ko ciwon sanyi, ko sanyin ƙashi. Waɗannan sun dubi alamar da ake ji a gaɓoɓi.
(b) Amosanin jini. Wannan ƙirƙira ce da ta haɗa tsohon suna da sabon sani, wato cewa tushen ciwon a jini yake.
(c) Sikila. Aro ne daga Ingilishi, kuma tushen kalmar a can lauje take nufi.

Akwai kuma kalmar wabi, wadda ake faɗa idan 'ya'yan mace suna mutuwa tun suna ƙanana ɗaya bayan ɗaya, har a riƙa sa wa na baya sunaye irin su Ajuji da Ajefas da Ayashe. Ba kowane wabi ne amosanin jini ba, sai dai ciwon yana cikin abubuwan da suke jawo irin wannan mutuwa a gida ɗaya.

Suna yana jan magani. Wanda ya kira ciwon sanyi zai nemi abin ɗumama jiki, kuma wannan bai saɓa wa shawarar likita ba. Amma wanda ya tsaya a amosani kawai yana iya kai yaro wurin wanzami a yi masa tsaga ko ƙaho, a zubar da jinin da dama bai ishe shi ba. Wanda kuma ya ga ido ya yi ɗorawa ya ce shawara ce, zai nufi jiƙe-jiƙen shawara. Ke nan ƙara kalmar jini a kan amosani ba ado ba ne, gyara ne da yake nuna wa mai jinya hanyar ɗakin gwajin jini.

4.2 Dirka, Mallaka da Mai

A dubi waɗannan jimloli:

1. Yaron sikila ne.
2. Yaron yana da sikila.
3. Yaron mai lalurar sikila ne.
4. Yaron yana fama da sikila.

A jimla ta 1, dirka ta daidaita yaron da ciwon, ya zama shi ne ciwon, kamar yadda ake cewa kuturu ne ko makaho ne. A ta 2, ciwon abu ne da yake tare da shi, shi daban ciwon daban. A ta 3 an sa kalmar lalura ta yi shamaki tsakaninsu. A ta 4 kuwa yaron shi ne aikau, yana kokawa da wani abu. A kan titi jimla ta 1 ta fi yawa, kuma ita ce ta fi yi wa masu ciwon zafi, domin ita ake jefa wa budurwa idan maganar aure ta taso. Saboda haka masu ciwon da ƙungiyoyinsu suka fi son a kira su jarumai, fassarar laƙabin da takwarorinsu na duniya suke amfani da shi. Samira Haruna Sanusi, 'yar asalin Funtuwa wadda ta kafa gidauniyar taimakon masu ciwon, ta sa wa littafinta suna S is for Survivor, wato ta karɓe harafin S daga hannun ciwon ta miƙa shi ga wanda ya rayu.

Irin wannan gyaran suna ya taɓa faruwa ga wani ciwon. Laƙabin kabari kusa da aka riƙa yi wa ƙanjamau ya kori mutane da yawa daga gwaji, kuma sai da aka yi aiki kafin cuta mai karya garkuwar jiki ta zauna a bakin 'yan jarida.

4.3 Aikatau da Kalmomin Zafi

A Hausa ciwo mai rai ne. Yakan tashi, ya motsa, ya kama mutum, ya kayar da shi, sannan ya lafa, ya kwanta, ko ya sake shi. Abin da likita yake kira kiraisis, uwa takan ce ciwonsa ya tashi. Haka kuma Hausa ta rarrabe zafi filla-filla: ƙashi yana zugi, ƙirji yana suka, kai yana sarawa, ciki yana murɗawa, gyambo yana raɗaɗi. Wannan arziki ne da ya kamata zaure ya riƙe, domin “ƙirjinsa yana suka, numfashi yana yi masa wuya” ta fi “jikin ne dai” amfani nesa ba kusa ba. Ta farkon tana nuna alamar da ke bukatar asibiti nan take.

5.0 Harshen Lallashi

Mafi yawan abin da ake faɗa a zauren majinyata gaisuwa ce da addu'a. Misali:

A: Salamu alaikum 'yan uwa. Muna asibiti tun jiya, jikin Ummi ya motsa.
B: Wayyo, sannu Maman Ummi. Yaya mai jiki?
A: Da sauƙi, alhamdu lillahi.
C: Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ne. Nawa ma haka ya yi mini da sanyin bara, ga shi yau yana makaranta.

Akwai abubuwa uku a nan. Na farko, sakaya: ba a ambaci sunan ciwon ba, an ce jiki ya motsa, an kira marar lafiya mai jiki. Na biyu, kiran juna da sunan dangantaka: 'yan uwa, Maman wance, Anti, Yaya, Baba, alhali wataƙila ba a taɓa haɗuwa ba. Wannan ya mayar da baƙi dangi, ya kuma ba mace damar ɓoye sunanta na yanka. Na uku, kuma mafi muhimmanci, jimlar “nawa ma haka ya yi mini”. Ɗan ƙaramin harafin nan ma shi ne jarin zauren gaba ɗaya. Likita ba zai iya faɗarsa ba, maƙwabciya mai 'ya'ya lafiyayyu ma haka. Uwar da dangin miji suka ɗora wa laifin ciwon ɗanta, ranar da ta ji wata ta ce “ni ma”, ranar take sauke wani kaya.

Kirista da Musulmi suna haɗuwa a irin wannan harshe ba tare da tangarɗa ba, domin “Allah ya ba da lafiya” ta kowa ce. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a gari irin Mubi.

6.0 Inda Sakaya Take Cutarwa

6.1 Da Sauƙi

Amsar “da sauƙi” wajiba ce a al'ada, ko da marar lafiya yana gargara. Ba rahoto ba ce, ladabi ne da tawakkali. Matsalar ita ce mai karanta saƙo ba ya ganin fuskar mai jinya balle ya gane sauƙin na baki ne. Saboda haka ya kamata bayan an gama gaisuwa a yi tambaya ta biyu wadda ba ta karɓar “da sauƙi”: Akwai zazzaɓi? Ya kai nawa a ma'auni? Yana shan ruwa? Tafin hannunsa ya yi fari? Ga yaro mai amosanin jini, zafin jiki da ya kai 38.5 a ma'aunin Salshiyos, ko kumburin saifa farat ɗaya, ko karkacewar baki da mutuwar ɓarin jiki, abubuwa ne da ba a kwana da su a gida.

6.2 Kunya

Akwai wata matsala da take samun samari da maza masu wannan ciwo, wato miƙewar gaba mai zafi wadda ba sha'awa ce ta kawo ta ba, kuma ta ƙi kwanciya. Idan ta kai awa 4 tana iya lalata gaban har abada, shi ya sa likitoci suke cewa kada a jira ta kai haka. To amma yaya saurayi Bahaushe zai faɗi wannan a zauren da iyaye mata suke? Sai ya rubuta: “Ina da 'yar matsala irin tamu ta maza, a taya ni da addu'a.” Za a yi masa addu'a, wani ma ya ɗauka rashin ƙarfi yake nufi ya kawo masa tallar maganin da zai ƙara dagula lamarin. A nan kunya, wadda ado ce a wani wuri, ta zama tarko. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Hausa tana da kalmomi masu tsabta kuma bayyanannu, irin su gaba da al'aura da mazakuta, kuma aikin shugabannin zaure ne su fara furta su domin na baya su samu ƙofa.

6.3 Rukunin Jini

Gwaji biyu ne mabambanta ake yi wa jini, amma sau da yawa Hausa tana kiran su da suna ɗaya. Akwai wanda yake nuna A ko B ko AB ko O, wanda ake bukata lokacin ƙarin jini. Akwai kuma wanda yake nuna AA ko AS ko SS ko AC ko SC, wanda ake kira jinotayif, kuma shi ne ya shafi amosanin jini. Idan aka ce wa duka biyun rukunin jini, saurayi yana iya cewa “mun yi gwaji, ni O ne, ita ma O ce, jininmu ya haɗu”, alhali dukansu AS ne. Ganin cewa Jihar Kano ta kafa dokar gwaji kafin aure a watan Mayu na 2024, kuma masallatai da coci-coci da dama suna neman takardar gwaji kafin ɗaura aure, wannan ruɗani ya cancanci kulawar masana. Shawarar wannan maƙala ita ce a bar wa na farko rukunin jini, a kira na biyu nau'in gadon jini, ko a bar shi da aronsa na jinotayif.

6.4 Ɗaya Cikin Huɗu

Ana yawan cewa idan AS ya auri AS, ɗaya cikin 'ya'ya huɗu zai zama SS. Mai sauraro yakan fahimci cewa idan na fari ya zo da ciwon, uku na bayansa sun tsira. Ba haka ba ne. Lissafin sabo yake komawa a kowane ciki, kamar jefa kwabo da ba ya tuna abin da ya nuna a jifan baya. Ma'aurata suna iya haifar huɗu duka SS, suna kuma iya haifar shida babu ko ɗaya. Jimlar da ta dace ita ce: “A kowane ciki, akwai yiwuwar kashi 25 cikin 100 jaririn ya zo da SS.” Kalmomi uku, wato a kowane ciki, su ne suka raba gaskiya da kuskuren da ya jefa gidaje cikin wahala.

7.0 Ƙa'idar Rubutu da Hausar Mubi

Yawancin masu rubutu a waya ba sa sanya baƙaƙe masu ƙugiya, ko da yake allon rubutu irin su Gboard yana da su. A hirar yau da kullum muhallin zance yakan warware ma'ana, amma a maganar ciwo akwai tagwayen kalmomi masu haɗari:

ƙashi da kashi
ƙoda da ko da
ɓari da bari
ƙafa da kafa

Uwar da ta rubuta “yana kuka da kashi” tana iya nufin ciwon ƙashi, amma wata ta ba ta shawarar maganin taurin bayan gida. A baki, ko mai magana bai furta ƙ ba, karin sauti da tsawon wasali suna raba kalmomin: wasalin farko na ƙashi gajere ne mai karin sautin ƙasa, na ɗayar kuma dogo ne mai karin sautin sama. Rubutunmu ba ya nuna ko ɗaya daga cikin biyun, saboda haka ƙugiyar ce kaɗai ta rage mai gadi.

A Mubi akwai ƙarin wani al'amari. Hausa a nan harshen haɗa kai ne tsakanin Gude da Fali da Njanyi da Fulani da Higi da Margi da sauransu, kuma ga mutane da yawa ita ce harshe na biyu ko na uku. Hausar wannan yanki takan sassauta bambancin jinsi, a ji “yarinyan ya kwana da zazzaɓi”, takan kuma shigo da Fulatanci, kamar nyawu a maimakon ciwo, lekki a maimakon magani, da addu'ar Allah hoynu. Wannan karin harshe ne mai tsarinsa, kuma ba daidai ba ne Bakano ko Basakkwace ya mayar da zauren jinya ajin gyaran nahawu. Uwar da aka yi wa dariyar Hausarta sau ɗaya ba za ta sake tambaya ba. Inda ya kamata a tsananta shi ne sanarwar da ta shafi magani da alamomin haɗari: a rubuta ta da daidaitacciyar Hausa mai sauƙi, a kuma maimaita ta da murya, da Fulatanci ma idan da hali.

8.0 Wai, An Ce, Na Gwada

Hausa tana da hanyoyin nuna inda mai magana ya samo zancensa. A kwatanta:

1. Wai ganyen kaza yana maganin sikila.
2. An ce ganyen kaza yana maganin sikila.
3. Na ba ɗana ganyen kaza, na ga sauƙi.
4. Ganyen kaza yana maganin sikila.

Jimla ta 1 tana ɗauke da shakka, ta 2 ta ɓoye mai faɗa, ta 3 shaida ce ta mutum ɗaya, ta 4 kuwa hukunci ne. Abin da yake faruwa a waya shi ne, saƙo yakan fara da wai, amma kafin ya ratsa zaure uku wai ɗin ta faɗi a hanya, wani ma ya liƙa masa “inji wani babban likita”. 'Yan Nijeriya ba za su manta da watan Agusta na 2014 ba, lokacin da saƙo ya zagaya cewa wanka da ruwan gishiri da shan sa suna kare mutum daga Ebola, har aka rasa rayuka, wasu da dama suka kwanta a asibiti.

Ko jimla ta 3, wadda gaskiya ce a bakin mai ita, tana da iyaka. Ciwon yakan lafa da kansa bayan 'yan kwanaki, saboda haka abin da aka sha a ranar ƙarshe shi yake kwashe yabo. Haka nan “ki ba shi guda biyu” ba ta faɗi ƙarfin ƙwayar ko shekarun yaron ko nauyinsa ba. Maganin haidiroksiyuriya, wanda yake rage yawan tashin ciwon, da nauyin jiki ake auna shi, kuma sai ana bibiyar jini. Allurar kashe zafi da ake kira Penta ta zame wa wasu majinyata jaraba bayan sun koyi yi wa kansu. Har yanzu dashen ɓargo da sabon maganin gyaran ƙwayar halitta da Ingila da Amurka suka amince da shi a ƙarshen 2023 su ne hanyoyin da aka tabbatar suna raba mutum da ciwon, kuma dukansu suna da tsada da haɗari. Duk mai tallar da ya ce zai mayar da SS ya koma AA da garin magani, aljihun mai jinya yake hari. Ƙa'idar da ta dace da zaure ita ce: faɗi abin da ya same ka, ka bar wa likita faɗin abin da wani zai sha.

9.0 Kammalawa

An ga yadda zauren waya ya gaji bencin asibiti, da yadda zaɓin suna da ginin jimla suke ɗaga majinyaci ko su ƙasƙantar da shi. An kuma ga cewa sakaya, wadda ita ce ƙashin bayan lallashi, takan zama cikas idan aka zo bayanin alama da gwaji da magani. Gwanin zaure shi ne wanda ya san lokacin “sannu, Allah ya ƙara sauƙi” da lokacin “tashi ki kai shi asibiti yanzu”, kuma yakan faɗi duka biyun a saƙo ɗaya.

Akwai aiki a nan ga ɗaliban Hausa. Ana bukatar ƙaramin ƙamus na kalmomin amosanin jini da Hausa da Fulatanci da harsunan ƙasar Mubi, wanda za a tsara tare da ma'aikatan lafiya da su majinyatan. Ana bukatar masu fassara takardun asibiti zuwa Hausar da kaka za ta gane. Mai neman batun kundin digiri kuma ga fage a buɗe. Sai dai a kiyaye: Dokar Kare Bayanan Jama'a ta Nijeriya ta 2023 ta sa bayanin lafiyar mutum cikin bayanai masu bukatar kariya ta musamman, kuma tun kafin doka, al'ada ta hana fallasa asirin wanda ya amince da kai. Kada ɗalibi ya shiga zaure a ɓoye ya kwashi saƙonni. Ya yi sallama, ya faɗi abin da ya kawo shi, ya nemi izini, ya kuma sauya sunaye. A ƙarshe, tunda yawancinmu muna gab da shekarun aure, ya dace kowa ya san nasa jinotayif tun kafin zuciya ta yi nisa. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya saka wa masu jinya da alheri.